Baje kolin Jos: Yadda rumfar hukuma za ta fanshi kuɗin da aka kashe mata

A duk shekara, da zarar damina ta fara ja da baya, takardun gayyata sukan fara sauka a teburan manyan sakatarori da shugabannin hukumomin tarayya a Abuja. Cibiyoyin 'yan kasuwa ne ke aiko su, kowace tana neman a zo a kama rumfa a kasuwar baje kolinta. Ta Abuja takan ci tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba a filinta da ke kan hanyar filin jirgin sama, ta Legas a watan Nuwamba a Dandalin Tafawa Ɓalewa, ta Kano a titin Gidan Zoo gab da ƙarewar shekara, ta Kaduna da ta Inugu kuwa a watannin farko na sabuwar shekara. A cikin wannan jeri akwai ta Jos, wadda Cibiyar Kasuwanci, Masana'antu, Ma'adinai da Noma ta Jihar Filato, wato PLACCIMA, ke shiryawa, kuma a 'yan shekarun nan filin wasan Polo na birnin ne ke karɓar baƙuncinta.

Abin da ke biyo bayan gayyatar sananne ne ga duk wanda ya kwana biyu a aikin gwamnati. Za a buɗe fayil, a rubuta takardar neman amincewa, a lissafa kuɗin rumfa, da na buga ƙyallaye da ƙasidu, da na riguna da huluna masu tambarin hukuma, da man mota, da alawus ɗin kwana na waɗanda za su tafi. Bayan kwana goma ko makamancin haka tawaga za ta dawo da hotuna, a rubuta rahoto mai shafi uku wanda ke cewa an samu gagarumar nasara, a rufe fayil sai baɗi. Tambayar da ba kasafai ake samun amsarta a cikin fayil ɗin ba ita ce: mutum nawa ne suka zo rumfar da wata buƙata, suka tafi an biya musu ita?

Tambayar tana da nauyi ta fuska biyu. Kuɗin da hukuma ke kashewa na jama'a ne, a lokacin da kowace ma'aikata ke kukan ba a sakar mata kuɗin ayyuka. Sannan a gefen rumfar hukumar akwai ta wata mata da ta ci bashin adashi ta biya kuɗin wuri domin ta nuna garin accar da take sarrafawa, kuma abin da ke tsakaninta da babban mai saye wata takarda ce da ke hannun ɗaya daga cikin hukumomin da ke zaune a filin.

Abin da Jos ke da shi

Daga Abuja zuwa Jos tafiyar kimanin sa'o'i huɗu zuwa biyar ce a mota, ta Keffi da Akwanga, a haura Hawan Kibo. Birnin yana bisa tsauni mai tsayin mita 1,200 ko ɗoriya daga doron teku, kuma wannan tsayi shi ne asalin arzikinsa na da da na yanzu. Kuza ce ta gina garin a farkon ƙarni na ashirin. Saboda ita Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso yankin a 1914, kuma saboda ita leburori da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka tare a Jos da Bukuru, har Hausa ta zama harshen ciniki a tsakanin Berom da Afizere da Anaguta da baƙinsu. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, sai nauyin tattalin arzikin jihar ya ƙara komawa kan gona.

Sanyin tsaunin yana fitar da amfanin da ba ya yi sosai a sauran sassan ƙasar. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barkin Ladi. Kabeji da karas da latas da koren wake suna cika kasuwar Farin Gada, inda manyan motoci ke lodi zuwa Abuja da kudancin ƙasar. Ana noman sitiroberi a yankin Vom, ana noman acca a ƙananan hukumomi da dama, kuma kiwon kajin gidan gona ya yi ƙarfi a kewayen birnin. Akwai kuma masana'antu masu daɗaɗɗen tarihi: kamfanin NASCO da aka kafa a Jos a 1963, da Grand Cereals mai yin man girki da abincin kaji, da ruwan kwalba na SWAN da ake ɗurawa a Kerang.

Gwamnatin Tarayya ma tana da manyan cibiyoyi a wannan yanki. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi da kaji. A Kuru akwai tashar binciken dankalin Turawa, da kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, tana Jos, haka ma Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa. Duk da haka, manomin Bokkos da ke fama da cutar da ke ƙone ganyen dankali zai iya yin shekaru bai taɓa zama da mai binciken da ke Kuru ba.

Ga kuma giɓin da gobara ta bari. Babbar kasuwar Taminus, wadda a zamaninta ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin zamani na Afirka ta Yamma, ta ƙone a watan Fabrairun 2002, aka kuma shafe shekaru fiye da ashirin ba a mayar da ita yadda take ba. A birnin da ya rasa irin wannan matattara, duk wani fili da zai haɗa mai yi, da mai saye, da mai ba da izini na 'yan kwanaki yana da daraja fiye da yadda ake zato daga Abuja.

Wa ake jira a rumfa?

Masu shiga filin baje koli ba buƙatarsu ɗaya ba. Mafi yawa iyalai ne da suka fito shan iska da yamma ko a ƙarshen mako, da ɗaliban da makarantu ke kawowa cikin layi. Bayan su sai masu neman rangwame a kan kayan girki, da atamfa, da kayan lantarki. Waɗannan su ne ke cika fili, su ne ke karɓar ƙasidu da huluna, su ne kuma ke fitowa a hoto. Kashi na uku 'yan kaɗan ne: shugaban ƙungiyar manoma, da dillalin da ke kai kaya Legas, da mai gidan kaji da ke neman sahihiyar allura, da matashin da ke son yi wa sana'arsa rajista, da tsohon da kuɗinsa suka maƙale a bankin da aka rufe.

Rumfar da aka tsara domin kashi na farko takan ƙare da kwalayen ƙasidu babu komai a ciki, kuma babu wani sakamako da za a nuna. Wadda aka tsara domin kashi na uku tana iya zama shiru na tsawon sa'a guda, amma wanda ya zauna a kujerarta zai tashi da lambar fayil. Saboda haka aikin farko na jami'in da aka ba shirya tafiya shi ne ya rubuta, a cikin takardar neman amincewa tun kafin lissafin kuɗi, jimla ɗaya da ke faɗin wanda ake nema da abin da za a yi masa, tare da adadi. Hukumar rajista ta ce sana'o'i kaza za ta yi wa rajista. Cibiyar bincike ta ce ƙungiyoyin manoma kaza za ta ƙulla da masu ninka iri. Kalmar wayar da kai, wadda ta fi kowace yawa a irin waɗannan takardu, ba ta da ma'auni, don haka ba a iya cewa an cim mata ko an gaza.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Mafi yawan ribar baje koli ana ƙulla ta ne makonni kafin a buɗe ƙofa. Na farko shi ne wuri. Masu shirya kasuwa suna da taswirar fili, kuma wanda ya biya da wuri shi ke zaɓe. Bakin babbar ƙofa yana da cunkoso, amma mutane sukan wuce shi da sauri domin su ga abin da ke ciki. Kusa da dandalin kiɗa ko rumfar masu tallar lasifika ba a jin magana, kuma hukumar da aikinta bayani ne ta yi asara idan aka ajiye ta a can. Kusurwar da hanyoyi biyu suka haɗu, ko hanyar da ke zuwa wurin masu abinci, ta fi ba mutum damar tsayawa.

Na biyu shi ne gayyata. Ba a dogara da cewa wanda ake nema zai faɗo da kansa. Kusan kowace hukumar tarayya tana da ofishi a Jos, kuma ma'aikatan wannan ofishi sun san shugabannin ƙungiyoyin kasuwar Farin Gada, da na masu kiwon kaji, da na mata masu sarrafa abinci, da na masu haƙar ma'adinai. Wasiƙa zuwa ga waɗannan, ɗauke da rana da sa'a da jerin takardun da mutum zai riƙo, ta fi babban allo a bakin titi amfani. Sanarwa da Hausa da Turanci a gidan rediyon jihar, PRTVC, ko a Highland FM, tana isa ƙauyukan da ƙasida ba za ta je ba. A manyan kasuwannin duniya haka ake yi. A baje kolin Canton da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin tun 1957, sau biyu a shekara, da na Hannover a Jamus da aka fara a 1947, kamfanin da ya san abin da yake yi yakan isa da jadawalin ganawa a hannunsa, an riga an tsayar da wa zai gani da ƙarfe nawa.

Na uku shi ne mutanen da za a tura, kuma a nan ne aka fi samun tangarɗa. Da yake tafiyar tana da alawus, jerin sunaye yakan bi layin wanda ya daɗe bai fita ba, ko wanda yake da uwa a gindin murhu. Sakamakon haka sai a tarar da rumfa cike da jami'an da ba su da ikon sa hannu a kan komai, ba su kuma san amsar tambayar da ta wuce abin da ke cikin ƙasida ba. Tawagar da za ta yi aiki tana buƙatar aƙalla jami'i ɗaya daga sashen da ke yin ainihin aikin, mai lambar shiga rumbun hukumar ta intanet, da wanda ke jin Hausa sosai, da ma'aikacin ofishin Jos wanda zai ci gaba da riƙe fayilolin bayan baƙi sun koma Abuja. Mutum huɗu da suka san aiki, suna karɓa-karɓa, sun fi goma sha biyu da ke zaune suna latsa waya.

Sauran shirin ƙanana ne, amma su ke tsayar da aiki idan aka manta. Wutar lantarki ta kashin kai, ko janareta ko sola. Layukan intanet na kamfanoni biyu, domin idan fili ya cika sabis yakan yi rauni. Na'urar buga takarda da tawadarta. Rigunan sanyi, domin yammacin Jos ba irin na Abuja ba ne. Igiya da duwatsun danne ƙyalle saboda iska.

Rumfa reshen ofis ce

Hukumar da ta fi cin moriyar baje koli ita ce wadda ta ɗauko wani yanki na ofishinta ta ajiye a filin. Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, NDIC, ta daɗe tana kafa teburin sauraron masu ajiya a manyan kasuwannin baje koli na ƙasar nan, kuma tana da saƙon da ya shafi aljihun kowa: a 2024 ta ɗaga adadin da take lamuncewa mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, na bankunan ƙananan 'yan kasuwa kuma daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Wanda ya zo da katin shaidarsa da lambar BVN aka duba masa matsayin kuɗinsa nan take ya samu abin da ya fi hula.

Haka kowace hukuma za ta tambayi kanta wane aiki ne take iya farawa ko kammalawa a kan teburi ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma rajistar Hukumar CAC ta intanet ake yin ta, don haka babu abin da zai hana a cike wa mutum fom yana zaune. Hukumar NAFDAC tana iya duba lakabin da ke jikin kwalba ta faɗa wa mai shi abin da ya rage. Hukumar SON tana iya bayyana matakan samun shaidar inganci. Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, tana iya fara wa mutum rajistar mai fitar da kaya.

Acca misali ce mai kyau ta yadda waɗannan ayyuka suke sarƙe da juna. A ƙarshen 2018 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da accar da aka surfe a kasuwanninta, abin da ya buɗe ƙofa ga manoman Afirka ta Yamma. Amma mai sarrafa acca a Filato ba za ta kai ga wannan kasuwa ba sai ta bi ta CAC, ta bi ta NAFDAC, ta yi rajista da NEPC, ta samu shaidar lafiyar tsirrai daga Hukumar Killace Kayan Gona, ta kuma cike fom ɗin NXP ta hannun bankinta. Tsallake mataki yana da tsada, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana: tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Idan waɗannan hukumomi suka warwatsu a kusurwoyi huɗu na fili, matar za ta gaji kafin ta gama zagaye. Idan jami'ansu suka yi waya da juna tun a Abuja suka nemi rumfuna a jere, za ta bi layin cikin wuni ɗaya. An taɓa gwada irin wannan tsari a shirin asibitin ƙananan sana'o'i da ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya fara a garin Aba a 2017, inda aka riƙa tara hukumomin a inuwa ɗaya ana zagayawa da su jihohi.

Batun kuɗi yana buƙatar tsantseni. Kuɗin ayyukan hukumomin tarayya yana shiga asusun bai-ɗaya ne, don haka bai kamata a ga tsabar kuɗi tana canza hannu a rumfar hukuma ba. A rubuta farashin kowane aiki da manyan baƙaƙe a maƙala inda kowa zai gani. Wannan kaɗai yana korar 'yan kamasho da ke raɓewa a bakin rumfa suna cewa za su taimaka.

Ranar maigida

Manyan hukumomi sukan sayi rana ta musamman a baje koli, inda shugaban hukuma ko wakilinsa ke zuwa ya yi jawabi. Wannan ita ce ranar da ta fi cin kuɗi, kuma nauyinta a wuyan hadimai yake. Abin da aka saba gani shi ne a jera kujeru, a cika su da ma'aikatan hukumar da ɗalibai, maigida ya iso a makare, ya karanta shafi takwas na tarihin hukumar, a yanka kyalle, a raba jakunkuna, ayari ya kama hanyar filin jirgin sama na Heipang.

Hadimin da ke son ranar ta yi amfani zai fara da duba kalanda. Tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi ba lokacin tara jama'a ba ne a Jos. Sannan zai rage jawabin zuwa minti goma, ya gina shi a kan sanarwa ɗaya da ta shafi mutanen Filato: rangwamen kuɗin rajista na tsawon kwanakin kasuwar, ko ranar da za a buɗe wani ofishi, ko lambar waya da za a kira a samu amsa. Zai tanadi rabin sa'a na tambayoyi, ya tabbatar kujerun gaba na shugabannin ƙungiyoyin da aka gayyata ne. Zai kuma sa a cikin jadawali cewa maigida zai taka ya zagaya rumfunan ƙananan masu sana'a, da wani a bayansa riƙe da littafi yana rubuta kowane alkawari da sunan wanda aka yi wa. Shugaba yakan yi alkawari goma a irin wannan zagaye, kuma mutuncinsa yana rataye ne a kan wanda ya rubuta su.

Akwai kuma wani jami'in da ya kamata ya shiga ayarin, wato na sashen sayayya. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya wajabta wa hukumomi fifita kayan da aka yi a gida a sayayyarsu, musamman a kan abubuwa irin su kayan sawa na ma'aikata, da takalma, da abinci, da kujeru, da kayan rubutu. A 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a kwangiloli. Hukumomi da yawa suna cewa ba su san masu yin kayan ba, alhali ga su jere a fili ɗaya. Dokar sayayya ta 2007 ba ta yarda a ba da kwangila a bakin rumfa ba, amma ba ta hana jami'i ya ga kaya da idonsa, ya karɓi adireshi, ya kuma gaya wa mai su takardun da ake nema kafin a shiga takara ba: shaidar rajista, da ta biyan haraji, da na PenCom da ITF da NSITF ga waɗanda dokokin suka shafa.

Ga mai kayan sayarwa

Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki ta hana ma'aikacin gwamnati na dindindin gudanar da kasuwanci na kashin kansa, in ban da noma. Don haka ma'aikata da dama suna da gona, ko gidan kaji, ko kuma iyali da ke sarrafa amfanin gona, wasu kuma suna shirin abin da za su kama bayan ritaya. Ga irin waɗannan, da ma duk ƙaramin mai sana'a, lissafin rumfa ya fi tsauri domin daga aljihu yake fitowa.

Cinikin ɗai-ɗai yana iya mayar da kuɗin rumfa, amma ribar gaske tana wurin mutum biyu ko uku da za su riƙa saye duk wata. Irin wannan mai saye tambayoyinsa sanannu ne: nawa ne idan katan hamsin ne, nawa ake iya kawowa a mako, kwana nawa kayan ke yi bai lalace ba, wa zai biya kuɗin mota zuwa Abuja. Wanda ya zo da takardar farashi biyu, ɗaya ta sari ɗaya ta ɗai-ɗai, ya riga ya amsa rabi. Wanda ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin injinsa zai samu oda ɗaya ya rasa mai sayen har abada. Ɗanɗano kyauta yana jawo mutane, amma a ware mai kyau a cikin mazubi mai lakabi da lambar waya domin wanda ya nuna alamar sari. Masu kayan da ke saurin lalacewa, kamar sitiroberi da madara, gara su riƙa kawo kaɗan kullum da safe. Waɗanda kuɗin rumfa ya fi ƙarfinsu suna iya haɗa kai su kama ɗaya da sunan ƙungiya, su raba kwanakin tsaro. A kuma tanadi na'urar POS da lambar asusu a rubuce, a riƙa tabbatar da shigar kuɗi kafin a miƙa kaya, domin sakon bogi yana yawo a duk inda aka taru.

Bayan an naɗe tabarma

Littafin baƙi da ake ajiyewa a bakin rumfa yawanci suna da sa hannu kawai yake ɗauka, wani lokaci da kalmar yabo. Littafin da zai yi amfani yana da gurbin lambar waya, da garin mutum, da abin da ya zo nema, da abin da aka yi masa, da abin da ya rage, da sunan jami'in da zai bi sawu. Tun da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta fara aiki, wajibi ne a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, a kuma tsare su. Littafin da aka bari a buɗe kowa yana ɗaukar hoton lambobin mutane yana iya jawo wa hukuma abin da ba ta shirya masa ba.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowace yamma, kafin a watse, tawaga ta zauna minti goma sha biyar ta ware sunayen ranar gida uku: waɗanda aka gama da su, waɗanda ke jiran wani mataki, da waɗanda aka tura wata hukuma. A cikin mako guda da rufe kasuwa a kira kowane mai jira. Bayan wata uku a sake dubawa a ga nawa ne suka kai ƙarshe. Mutumin da ya taso daga Shendam ko Langtang ya ba da lambarsa, aka yi shiru, ba zai sake tsayawa a rumfar wannan hukuma ba, kuma zai ba da labari a garinsu.

Daga waɗannan alƙaluma ne rahoton gaskiya ke fitowa, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A ɗauka hukuma ta kashe naira miliyan 10. Idan ta kammala wa mutum 500 aiki, kowane ya tashi a kan naira dubu 20. Idan mutum 50 ne, kowane ya ci dubu 200. Darakta da ke riƙe da wannan lissafi yana iya kare kasafin baɗi a gaban kwamitin majalisa ko mai binciken kuɗi, yana kuma iya yanke shawarar da ta fi wuya: a rage girman rumfa, a soke ranar musamman, a bar wa ofishin Jos tafiyar gaba ɗaya, ko a ɗauke kuɗin a kai wata kasuwar da ta fi dacewa da aikin hukumar. Rahoton ya ƙunshi tambayoyi goma da aka fi yi a rumfa, domin su ne ke nuna inda fom ɗin hukuma ko shafinta na intanet yake rikita mutane. Masu shirya kasuwar ma suna da haƙƙin a gaya musu abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, a rubuce, ita ma hukumar tana da haƙƙin neman adadin waɗanda suka shiga fili kafin ta sake biya.

Lokaci kuma yana ƙurewa. An fara ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka a ranar 1 ga Janairun 2021. Babban baje kolin cinikayya tsakanin ƙasashen Afirka, wanda bankin Afreximbank ke jagoranta, ya ci a Alƙahira a 2018, da Durban a 2021, da Alƙahira kuma a 2023, da Aljiyas a 2025, kuma Legas ce za ta karɓi na 2027. Masu saye daga ƙasashe da dama za su zo da tambayoyi a kan takardu, da yawan kaya, da ranar isarwa. Mai acca ko mai garin dankali daga Filato da za ta iya amsa su a Legas ita ce wadda aka cike wa fom a filin Polo shekara ɗaya ko biyu kafin nan, aka kuma kira ta a waya mako guda bayan an tashi daga kasuwa.